Abin da Siminti Ya Rufe

Mutumin da nake ba da shaida a kansa ba ya son a ambaci sunansa, don haka zan kira shi da abin da birkiloli da leburori suke kiransa a wurin aiki, wato Baba. Akitek ne, mai zanen gine-gine. Kirista ne, kuma kusan dukan aikinsa a cikin garin Sakkwato da kewaye ya yi shi. Yanzu ƙarfi ya ja baya, ido ma ya yi rauni. Mu da muka koyi aiki a ƙarƙashinsa muka ga bai dace a jira sai ranar jana'iza ba kafin a faɗi abin da Ubangiji ya yi a rayuwarsa. Ya yarda a rubuta, amma da sharaɗi guda, a fara da laifinsa.

Ɗan ƙasar Zuru ne. Mahaifinsa mai bishara ne a ƙauye, da noma yake ci da iyali, kuma da hannunsa ya gina 'yar majami'ar da yake wa'azi a ciki. Baba ya yi karatu a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Da ya gama sai ya nufo Sakkwato, don a lokacin Zuru tana cikin Jihar Sakkwato. Da aka fitar da Jihar Kebbi a 1991, abokan aikinsa 'yan ƙasar Zuru da Yawuri da Argungu suka kwashi kaya suka yi Birnin Kebbi. Shi kuwa ya ajiye aikin gwamnati, ya kama ɗaki biyu ya buɗe ofishin kansa, ya ci gaba da zama a nan.

Laifin da ya ce a fara da shi ya faru tun yana ƙaramin ma'aikaci. An ɗora masa duba ginin azuzuwa uku a wani ƙauye mai nisa. A ƙa'idar aiki, ɗan kwangila ba ya karɓar kuɗin kowane mataki sai mai duba aiki ya je ya gani da idonsa, sannan ya sa hannu a takardar biya. Aka kai matakin rufi. Hanya ba kyau, motar ofis ta lalace, ɗan kwangila ya zo da hotunan gini an buga kwano yana ƙyalli, da 'yar ambulan a ƙarƙashin hotunan. Baba ya sa hannu bai je ba. Ranar Lahadi ya tsaya cikin ƙungiyar mawaƙa ya rera yabo, har ya fitar da ushiri daga cikin kuɗin ambulan ɗin ya jefa a kwandon baiko. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yi masa ciwo idan yana ba da labarin.

Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya san iskar farkon damina, wadda take tasowa daga gabas da jan ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka. Ita ce ta ɗauke rufin dukansa ta kifar a bayan makarantar. Kwano ya yanki wata yarinya a ƙafa. Ta warke, amma da ɗingishi. Da Baba ya isa, ya hau tsani ya duba kan bango, sai ya tarar katakon da aka shimfiɗa a kan bulo da ƙusa kawai aka kafa shi. Babu abin da ya ɗaure rufin da jikin ginin. Minti biyar a kan tsani da sun isa ya gano haka tun ranar da aka kawo masa takarda.

A makon nan ne ya ci karo da wata ayar Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a 22:8, inda aka umarci mai gina sabon gida ya kewaye kan soronsa da 'yar katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Ya sha karanta wurin a da, bai taɓa ganin da shi ake ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, Allah ya ɗora alhakin a kan wanda ya yi ginin tun kafin kowa ya faɗo. Ya je ya faɗa wa maigidansa a ofis abin da ya yi, ya mayar da kuɗin, ya je ƙauyen ya durƙusa gaban mahaifin yarinyar. An jinkirta masa ƙarin girma. Yakan ce an yi masa baftisma yana yaro, amma a kan tsanin nan ya tuba.

Daga ranar, rufi ya zama abin da ba ya wasa da shi. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Tana bi ta sama tana zuƙarsa, idan kuma ta sami taga ko ƙofa a buɗe ta shiga ta tura shi daga ciki. Ƙusar da aka buga cikin bulo ba ta da abin kamawa, zarewa take yi kamar an cire ta daga tuwo. Don haka a duk ginin da ya zana, ana zuba ɗamarar kankare a kan bango ta zagaye ginin, a dasa rodi mai milimita 6 ko langalanga a cikinta tun kankaren yana ɗanye, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Idan kafinta ya ɗora katako, sai a lanƙwaso ƙarfen ya rungume shi a buga. A gefen rufi da kan tozo, inda iska ta fi ƙarfi, ana ƙara yawan ƙusa. Katakon kuma sai ya sha maganin gara kafin a hau da shi. Bai sake sa hannu a takardar rufi ba sai ya hau da kansa ya jijjiga ɗaurin ɗaya bayan ɗaya.

Baba yakan ce sana'armu ta fi yawancin sana'o'i sauƙin ha'inci, domin duk abin da ke riƙe gini rufe shi ake yi. Harsashi yana cikin ƙasa, rodi yana cikin kankare, bulo yana bayan filasta da fenti. Mai gida fenti yake gani. Ezekiyel 13 ya yi maganar masu shafa farar ƙasa a kan bango marar ƙarfi, ya ce ruwa da iska za su tona su. Shi ya sa jakar Baba ba ta rabuwa da abu uku: awon tef, ƙaramin ma'aunin kaurin ƙarfe, da kwalba.

Kwalbar ta yashi ce. Idan tifa ta juye yashin gulbi, sai ya ɗebi daga tsakiyar tarin ya zuba har rabin kwalba, ya ƙara ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza, ya ajiye a inuwa awa uku. Yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In tsawon yashin santimita 10 ne, lakar kada ta kai santimita 1. In ta kai, a wanke yashin ko a mayar, domin laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kamawa. Bulo kuwa, bai yarda buhun siminti mai kilo 50 ya fitar da fiye da 30 na inci tara ba, alhali wasu masu buga bulo suna kai shi 45 ko 50. Yakan ɗaga bulo zuwa ƙirji ya sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau yakan tsaya ko ya rabu biyu, na banza sai ya zama gari. Abin takaici ne a ce garin da ke da kamfanin siminti a Kalambaina, bakin ƙofarsa, ana yi wa bulo rowar siminti.

Kankare na ginshiƙi da dekin, awonsa ɗaya, biyu, huɗu. Buhun siminti kwanon sarki biyu ne, saboda haka buhu guda yana cin kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, kuma da kwano ake aunawa, ba da shebur ba. Ruwa kada ya wuce jarka mai lita 25 ga buhu, in yashin yana da danshi ma a rage. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi ya yi sauƙin juyewa, amma ruwan da ya yi yawa idan ya bushe ramuka yake bari a ciki. Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zalunci. Baba ya ɗauki kwanon sarki a matsayin ɗaya daga cikin ma'aunan da ake nufi.

Gwaji mafi zafi da ya gamu da shi, a cikin ikilisiya ya same shi. Wata majami'a ta cika, aka yanke shawarar yin bene a ciki daga baya domin matasa. Baba ya yi zane kyauta, injiniya ya lissafa ƙarfe: rodi mai mili 12, tazarar santimita 15 tsakanin kowane biyu, kaurin dekin santimita 15. Lissafin ba irin na gidan zama ba ne. Ɗakin kwana ana ƙiyasta masa nauyin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, wurin taron jama'a kuwa kilo 400 zuwa 500, kuma mutanenmu ba zaune suke yin sujada ba, akwai rawa da tsalle. Aka ba wani dattijon ikilisiya kwangilar, mutumin da ake girmamawa.

Ana gobe zuba kankare, Baba ya hau kan katako da yamma. Daga bakin tsani komai daidai. Sai tsohon birkilan da suka daɗe tare, Basakkwace, Musulmi, ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya: "Baba, shiga tsakiya ka gani. Wanga ƙarhe bai kai ba. Na hwaɗa mai, ya ce in yi shiru." Baba ya taka zuwa tsakiya ya tsuguna ya sa ma'auni. Layukan gefe mili 12 ne, na tsakiya duka mili 10, tazarar kuma ta koma santimita 20. A ido bambancin mili biyu ba komai ba ne. A lissafi kuwa, rodi mai mili 10 bai kai kashi 70 cikin ɗari na naman mai mili 12 ba, idan aka haɗa da faɗaɗa tazarar, ƙarfen da ya rage kusan rabin abin da aka zana ne. Ga wani abu kuma: ɓangaren benen da ya zarce gaba babu ginshiƙi a ƙarƙashinsa, ƙarfensa a sama ya kamata ya zauna, domin ta sama yake tsagewa. An shimfiɗe shi a ƙasa. Biskit ɗin da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi da santimita 2 da rabi ma babu ko ɗaya.

Aka kira dattijon. Ya ce, "Ɗan'uwa, kuɗin ikilisiya nake tattalawa. Ai ɗakin Ubangiji ne, shi zai riƙe abinsa." Baba ya ce, "Dattijo, Shaiɗan ma ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali mala'iku za su tare shi. Ka san amsar da ya ba shi. 'Ya'yan mutane ne za su hau nan, na wasu kuma suna zaune a ƙasa." Ya hana zuba kankare. An riga an yi hayar injin kwaɓi, an kira leburori, zumuntar mata ta sayi kayan girki. Aka yi ta magana. Wasu suka ce ya tozarta dattijo, wasu suka ce ba shi da bangaskiya. Watanni aka yi wasu ba sa gaishe shi a bakin majami'a. Bai kai maganar gaban taro ba, ya bi matakin Matiyu 18, shi da dattijon tukuna, sannan da fasto da mutum biyu. A ƙarshe aka kwance ƙarfen aka sake ɗaurawa, Baba ya sa nasa kuɗin a cikin cikon rodi. Tun daga nan, rodi ba ya sauka daga mota a aikinsa sai an auna kauri an kuma ƙirga. Mai mili 12, tsawon mita 12, nauyinsa kilo 10 da rabi da ɗoriya, tan guda yana ba da 93 ko 94. In an ƙirga ya haura haka da yawa, siriri aka kawo.

A ganina masu cewa ba shi da bangaskiya ba su yi tunani ba. A Satumban 2014 masaukin baƙi na wani babban coci a Legas ya rufta, mutum 116 suka mutu. A Disamban 2016 rufin wani coci a Uyo ya faɗo a kan masu sujada. Mutanen da suka mutu a wuraren nan addu'a ta kai su.

Ranar zuba kankare ma tana da nata tsari. Baba ba ya sa ta ranar Lahadi, ba ya kuma sa ta ranar Juma'a. Yawancin ma'aikatansa Musulmi ne, ba zai hana mutum zuwa masallaci ba, dekin kuwa idan aka tsaya da shi awa biyu a tsakiya, kankaren farko ya fara daskarewa, sabon ba zai haɗu da shi ba, layin nan ne zai riƙa yoyo har abada. Saboda haka Talata ko Laraba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ana farawa da an idar da sallar asuba, a jiƙa katako tukuna don kada ya shanye ruwan kwaɓi, a gama kafin rana ta take. Da azumi, bayan an sha ruwa ake farawa da fitila. Washegari a yi wa gefen dekin ɗan kunya da siminti, a cika shi da ruwa kamar fadamar shinkafa, kwana bakwai ba fashi. Ginshiƙai a naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da hunturu ma haka, don busasshiyar iskar nan tana tsotse ruwa ta bar tsagu kamar kaushin ƙafa. Kuɗin tankar ruwa yana cikin ƙiyasinsa tun farko, domin ya san in ba a rubuta ba, nan za a fara tsumulmula. Itacen tokara ba a cire shi sai an yi kwana 21, ko da kafinta yana kukan yana da wani aiki.

Ladan lebura kuwa ba ya kwana. Firistoci 19:13 ta hana a riƙe shi har safiya. Kafin a kunna injin kwaɓi sai Baba ya ga kuɗin leburori a hannun mai biya, in babu, ba a farawa. Tsohon birkilan nan yakan ce su ma an koya musu a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Mafi yawan waɗanda suka ba shi aiki Musulmi ne, kuma kowa ya san Kirista ne, don Littafi Mai Tsarki yana kan teburinsa kusa da takardun zane. Bai taɓa fakewa da aiki ya yi wa wani wa'azin dole ba, in an tambaye shi kuwa yana amsawa ba kwana-kwana. Abin da ya yi shi ne ya koyi gidan Bahaushe Musulmi har ya fi wasu masu shi sani. Daga Sakkwato alƙibla ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa, kusan digiri 71 idan aka auna daga arewa. Yakan fitar da ita a kan fuloti tun kafin ya ja layi ɗaya, domin ya juya masai ta yadda mai zama ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba. Baƙo namiji ya shiga falon maigida ba tare da ya ga tsakar gida ba, aikin da zaure da shigifa suke yi a gidan gargajiya. Tagar bene kada ta leƙa cikin gidan maƙwabci, in ba makawa a ɗaga ta sama da tsayin ido. Wani Alhaji mai mata uku ya kawo aiki, fulotin kuma ya tsuke ta gefe guda, ɗaki ɗaya zai gaza sauran da 'yan santimita. Alhajin ya ce ba komai. Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, wadda aka ba ƙaramin za ta auna shi da tabarma ko da ba ta da tef." Ya sake zanen har sassan uku suka zo daidai, ɗaki da taga da nisan madafa. Ikilisiyarsa mace ɗaya take koyarwa, shi ma a kan haka yake, amma ya ce rashin adalcin da aka gina da bulo ya fi shekara hamsin yana cin mutum.

Ya zana ƙananan masallatai na ƙofar gida. Kowane sahu ya ba shi mita 1 da santimita 20, kowane mutum santimita 60, ƙofofi ta baya da gefe don mai makara kada ya ratsa gaban masu salla, wurin alwala da magudana mai gangara sosai nesa da harsashi. Akwai 'yan'uwa a cikin sana'ar da lamirinsu bai ba su su yi haka ba, bai taɓa zarginsu ba, ya ce kowa ya tsaya a kan abin da ya tabbata a zuciyarsa. Nasa dalilin Irmiya 29:7 ne, a nemi zaman lafiyar birnin da ake zaune a ciki.

Akwai wurin da ya fi wannan wuya. Samun izinin gini da sunan majami'a ba abu ne mai sauƙi ba a wannan yanki, duk wanda ya bi takarda ya sani, kuma abin yana da ciwo. Sai wasu suka ɓullo da dabara: a rubuta gidan zama ko ɗakin ajiya a kan zane, in an gama a sa bagade. An sha kawo wa Baba wannan, bai taɓa yarda ba. Ya ce ba zai aza ɗakin sujada a kan ƙarya ba, kuma ƙaryar tana da haɗari na zahiri, domin wanda zai duba zanen da ma'aunin gida zai duba shi, ba zai nemi ƙarfen taro ko yawan ƙofofi ba. Ranar da aka gano kuma, an ba mai neman dalili dalili. Abin da yake yi shi ne ya haɗa takardu cikakku, ya yi ta sintiri ofis da kansa, ya bi ta wurin mai unguwa da maƙwabta a zauna a fahimci juna kan lasifika da wurin ajiye motoci. Wasu sun samu bayan shekaru. Wasu har yau suna jira, kuma a cikinsu akwai masu ganin Baba ne ya ja musu. Haka ya ƙi sayar da hatiminsa. Masu zane marasa rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine da aka kafa a 1969, sukan kawo aikinsu a buga musu a biya. Yakan ce hatimi rantsuwa ce cewa ya duba.

Idan ka shiga majami'ar da ya zana a watan Afrilu, za ka gane hannunsa kafin a kunna fanka. Yakan miƙe tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, gajerun bangaye su sha ranar safe da ta yamma, tagogi su yi layi a kudu da arewa suna kallon juna. Bakin rufi ya zarce bango da kusan mita ɗaya don inuwa. Sama da tagogi, dab da rufi, akwai ramukan iska da raga, domin iska mai zafi sama take tashi, in ba ta sami mafita ba ta dawo kan mutane. Yakan ƙiyasta murabba'in mita ɗaya ga kowane mai sujada har da hanyoyin wucewa. Ƙofofi duka waje suke buɗewa, kuma ba a sa musu kwaɗo ana cikin sujada, saboda jama'ar da ta firgita tura ƙofa take yi. Yana ƙin a lulluɓe ko'ina da tayil da siminti mai santsi, don murya tana dukan bango ta dawo, tsofaffi su kasa jin wa'azi. Dalbejiya kuwa tun ranar haƙa harsashi ake dasa ta ta yamma, nesa da bango da mita biyar ko fiye saboda saiwa.

Yawancin wannan daga magina na gargajiya ya ɗauko. Yakan kai mu tsofaffin unguwannin cikin gari ya sa mu dafa bangon tubali da tsakar rana mu ji sanyin ciki, ya nuna yadda yake da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, da yadda azarar giginya, wadda gara ba ta ci, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar mita biyu sai an yi mata bakan gizo. Tun yana ɗalibi ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, bai kuma daina maganarsa ba. Yana karanta Fitowa 31, inda Allah ya cika Bezalel da hikimar sana'a, ya ce mai ba da irin wannan baiwa guda ne. Ƙasa ma yana sauraronta. Kafin ya zana harsashi sai an haƙa rami mita ɗaya da rabi ya ga abin da ke ciki, domin lakar fadama tana kumbura da damina ta tsuke da rani ta tsaga bango. Wata ikilisiya ta sami fili mai araha a gangaren gulbi, ya hana su saya, suka ji haushi. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta shafe wurin.

Aikinsa na ƙarshe wata ƙaramar majami'a ce a bayan gari, wadda kuɗi ya yanke mata a daidai linta. Tun farko ya karanta wa kwamitin Luka 14:28, ya raba musu ginin mataki-mataki yadda duk inda aka tsaya ba zai lalace ba. Kwanan baya ya sa aka kai shi. Ba ya ganin lambobin tef yanzu, sai ya bi bango da tafin hannu, ya kai ga rodin da aka bari tsaye a kan ginshiƙai, ya murza, ya shinshina tsatsar a yatsunsa. Ya ce a kankare su da burushin ƙarfe a shafe su da ruwan siminti kafin damina, a kuma tabbata tsawon da aka bari ya kai santimita 80 ga mai mili 16, don sabon rodi ya sami wurin kamawa idan kuɗi ya samu. A toshe ramukan bulon saman bango kada ruwa ya taru a ciki. Tarin ƙasar da ke jingine da bangon gabas a kwashe shi, gara tana bin sa. Sannan ya cire hula, ya kira fasto da birkilan da ke tsaye a gefe, ya yi addu'a gajeriya, ya roƙi Ubangiji ya tsare duk wanda zai hau tsani a wurin. Da aka kama hannunsa za a sa shi a mota, ya juyo ya ce a rubuta maganar rodin a littafin aiki, a sa kwanan wata.